Amanar Kunnen Farfesa

Lokacin da na fara koyarwa a jami'a ban taɓa tsayawa gaban manyan ɗalibai ba. Na gama digiri na biyu a kan ƙasar noma, na dawo gida Daura da goyo a baya, sai aka ɗauke ni a sashen labarin ƙasa. Ranar farko na ci kwalliya kamar mai zuwa suna, na shiga barandar sashen ina ta rabon sallama, a zatona za a fito a tarbe ni. Kowace ƙofa a rufe take. Wanda ya fito zai zagaya bayan gida ma sai ya murɗa makulli ya jefa a aljihu.

Ba mu da yawa. Akwai shugaban sashe da muke kira Dokta, wanda bai daɗe da dawowa daga ƙaro karatu ba aka ɗora masa shugabancin. Akwai Hajiya, babbar malama mai koyar da yawan jama'a da ƙaura, wadda aka ajiye min tebur a ofishinta. Akwai malamin taswira, saurayi mai baki kamar rediyo a waje, amma da ya shigo baranda sai ya yi tsit. Sai kuma Farfesa, dattijo ɗan wajen Dutsi, mai koyar da yanayi da ruwan sama, wanda ko ka gaishe shi a hanya ba lallai ya amsa ba.

Hajiya ce ta yi min bayanin ƙofofin. Ta ce shugaban da ya sauka mutum ne mai son a kawo masa labari. In ka makara, kafin ka ajiye jaka ya ji. In ka yi ƙorafi a ofishinka, gobe sai ya maimaita maka maganarka a mitin. Ba wanda ya san mai kai masa, saboda haka kowa ya ɗauka kowa ne. Mutumin ya koma wata jami'ar, amma halin da ya bari bai bi shi ba.

"Ƙanwata, shawarata ɗaya ce," in ji Hajiya. "Ki yi laccarki, ki kama bakinki, ki tafi gida. Ko ni kar ki yarda da ni."

Tana faɗa tana miƙo min dabino, na rasa in karɓa ko in bari. Na karɓa.

Ɗalibai ne suke kwasar abin. In malami ya kwanta ciwo, ajinsa ya kwanta tare da shi, don ba mai shiga wa wani. Ba mai nuna wa wani abin da yake koyarwa, har ta kai ni da malamin taswira muka yi makonni muna koya wa aji ɗaya zaizayar ƙasa, kowa da nasa salon, wani babin kuma ba wanda ya taɓa shi. Ni kuwa tawa matsalar daban ce. Da na shiga aji na ga idanu sun yi min caa, sai in juya in fuskanci allo, in yi ta rubutu ina magana da sauri kamar ana kora ta, har lokaci ya cika in tattara in fita. Ba wanda zan tambaya ko haka ake yi.

Ana cikin haka Dokta ya kira mitin ya ce ya zo da sabon tsari. Kowane malami zai riƙa shiga ajin ɗan'uwansa ya zauna ya saurara, daga baya su yi shawara su biyu, ba rahoto, ba rubutu. Hajiya ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Dokta, wannan ai kai rahoto ne aka yi masa kujera," in ji malamin taswira.

Dokta ya yi dariya, ya cire hularsa, ya zuba 'yan takardu a ciki, ya ce ƙuri'a za a yi don kar a ce ya zaɓa wa wani. Ni ce ƙarama, ni ya fara miƙo wa. Na sa hannu na ɗauko wadda ta fara taɓa yatsana, na buɗe, na ga Farfesa. Bayan mitin malamin taswira ya biyo ni har bakin ofis ya ɗaga hannuwa ya yi min addu'ar da ake yi wa mai tafiya mai nisa.

Ni na fara shiga nasa ajin. Na zauna can baya ina ƙanƙame da jaka. Ashe mutumin nan da ba ya amsa gaisuwa, in ya tsaya gaban allo wani ne daban. Yana bayanin yadda hadari ke haɗuwa daga gabas, yana nunawa da hannun babbar rigarsa, har sai da na leƙa taga ko ya taso ne. Yakan bar ɗalibai su yi tambaya da Hausa in Turanci ya ƙi, amma na lura ba mai tambaya. Can wata ɗaliba ta yi ta maza ta miƙe, kanta a sunkuye, bakin hijabi a kan leɓenta.

"Ranka ya daɗe, me yake kawo fari shekara da shekara a wuri ɗaya?"

Farfesa ya karkatar da kai ya dube ta, ya ce tambaya ce mai kyau. Sai ya shiga bayanin fara. Ya faɗi inda take ƙyanƙyasa, da yadda iska ke ɗauko ta, da shekarar da ta sauka a gonarsu yana yaro ta cinye gero har kara. Daga nan ya gangara yadda mata suke tafasa ta, su shanya, su soya da yaji. Yarinyar tana tsaye tana gyaɗa kai. Sauran ajin kuwa suna ta rubutawa, har da yajin.

Na cusa gyale a baki. Ban gama dawowa daidai ba sai ya juya yana zana gajimare a allo, a daidai lokacin wani benci da samari suka cika ya karye da su, ji kake rim, littattafai da takalma suka watse. Aji ya kece da dariya. Farfesa bai waiwayo ba. Ya gama gajimarensa, ya yi masa 'yan ɗigon ruwa a ƙasa, sannan ya juyo ya ga mutane a zube.

A nan dariyata ta tsaya. Kakata ta wajen uwa ta kurumce kafin ta rasu, kuma haka take karkatar da kai, haka take kafe bakin mutum da ido. Na gane abin da nake kallo.

Da makon ya zagayo shi ma ya shigo nawa. Ya zauna a layin ƙarshe ya harɗe hannu. Tsoro ya sa ranar ko sau ɗaya ban juyo ba. Da aka tashi ya ce in same shi a ofis. Na shiga, ya nuna min kujera, ya rufe ƙofa rabi.

"Malama, gyalenki mai ruwan hoda ne, akwai furanni a gefe, zare ɗaya ya warware ta hagu. Iyakar abin da na samu a laccarki ke nan."

Na ce, "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe."

"Ɗago ki dube ni ki sake faɗa."

Na ɗago na sake faɗa. Ya gyaɗa kai.

"To yanzu na ji. Kunnen dama ya tafi, na hagu yana bin sa a hankali. Da ido nake ji. In mutum ya juya min baya ya kashe min rediyo ke nan. Na ga yadda kika dube ni ranar da yaran nan suka zube, na san kin gane." Ya juya biro a hannunsa. "Ba na so a ce in koma gida in zauna. Ba na so kuma in zama abin kwaikwayo a bakin yara. Wannan magana amana ce tsakanina da ke."

Na yi masa alkawari. Sai ya gyara zama, fuskarsa ta saki, ya ce to tunda kowa ya ga tsiraicin aikin ɗan'uwansa, bari mu yi ciniki. Zan riƙa shiga ajinsa ina zama a gaba, duk wanda ya yi tambaya in maimaita ina fuskantarsa, mu ce ƙarar fanka ce ke hana ji. Shi kuma zai riƙa zama a bayan ajina. In ya iya karanta laccata a bakina daga can, to kowa ma ya ji. In na juya baya ina magana, zai cire hula ya ajiye a kan tebur.

Na ce, "Baba, in na juya baya ta ina zan ga hular?"

Ya ce, "Za ki ji ta."

Gaskiyarsa. Farfesa yana da sanƙo mai sheƙi, wanda ɗalibai ba su taɓa gani ba. Ranar farko ina juyawa allo na ji ƙus-ƙus na dariya ya taso daga baya yana gangarowa gaba. Na waiwayo, ga hula a tebur, ga kai yana ɗaukar ido, ga Farfesa ya haɗe rai kamar alƙali. Na fuskanci aji na ci gaba, ya mayar da hula. Na manta na sake juyawa, dariya ta sake tasowa. Ba a daɗe ba ɗalibai suka gano dokar, duk da ba su san dalilinta ba. Da na fara magana da allo sai in ji murya daga tsakiyar aji cikin ladabi:

"Malama, hula."

Dole na koyi rubutu in gama, in juyo, sannan in buɗe baki. Dole na rage gudu, don in na yi sauri Farfesa yakan ware ido ya girgiza kai. Da na fara kallon fuskoki sai na ga ashe ba cizo suke ba. Na ga wanda ya gane, na ga wanda ya ɓace tun a jimlar farko, na ga mai barci da ido a buɗe. Wata rana na aika aka ɗebo min jigawa daga bayan gini da laka daga bakin kududdufi, na zuba a kwanuka, na sa suka tsiyaya ruwa suna kallon wadda ta riƙe da wadda ta sake. Ajin ya kaure da gardama, 'ya'yan manoma suna gyara wa 'yan cikin gari. Na leƙa baya na ga Farfesa ya miƙe tsaye yana leƙen kwano, hula daram a kai. Ranar da rawa na shiga gida.

A nasa ajin ma tambayoyi suka dawo, tunda yanzu wanda ya tambayi fari yana samun fari. Nakan miƙe in ce, "Saboda fanka, bari in maimaita," ko da ranar ba wuta.

Riƙon sirrin ya hau min kai. Ji nake kamar an ba ni ajiyar zinariya. A gida maigidana ya ce me ya sa kwanan nan nake masa magana ina buɗe baki kamar mai koya wa jariri cin tuwo. Na ce sabon salon koyarwa ne. Ya ce to a bar shi a makaranta.

A mitin kuwa nan aikin yake. Na naɗa kaina mai gadin Farfesa. Duk wanda ya yi magana yana kallon wani gefe, sai in yi wuf in ce, "Wato in na fahimta," in maimaita ina fuskantar dattijon. Abin da ke ba ni haushi shi ne Hajiya ma tana da wannan ɗabi'a, kullum tana zaune daura da shi tana maimaita maganar mutane kamar ba mu da kunne. Dokta shi ma komai sai ya tashi ya rubuta a allo da manyan baƙaƙe, abin da na ɗauka iyayi ne na wanda ya dawo daga karatu. Malamin taswira kuma ko da yaushe sai ya zagaya ya zauna hagun Farfesa, wai can iska ta fi kaɗawa.

Wata rana ni da Hajiya muka ce "Wato" a tare. Muka tsaya muka dubi juna. Da muka koma ofis ta rufe ƙofa.

"Ƙanwata, me ya sa kike maimaita magana a mitin?"

Na ce a raina ga mai kai rahoton nan ta fara haƙa. Na ce, "Halina ne, Hajiya. Ke fa?"

"Ni ma halina ne."

Muka yi kwanaki muna gaisawa a tsaye, kowa tana kallon 'yar'uwarta ta wutsiyar ido. Dabinon ma ta daina miƙowa.

Aka yi hutun zango aka dawo. A mitin na farko Farfesa ya shigo ya zauna a wurinsa, hularsa ta ɗan sauko fiye da kullum. Ana maganar yadda za a raba kwasa-kwasai, rana ta yi tsaka, kowa ya gaji. Dokta ya ambaci damina, Farfesa ya gyara murya kamar zai yi magana, sai ya sunkuyar da kai yana duba takarda. Malamin taswira ya ɗaga fayil ya kare bakinsa, ya ce ƙasa-ƙasa:

"Allah ya sa Baba kar ya shiga tarihin damina, yunwa nake ji."

Farfesa bai ɗago daga takardar ba ya ce, "Ba zan shiga ba, Malam. Ni ma yunwar nake ji."

Fayil ya suɓuce ya faɗi. Farfesa ya ɗaga gefen hula a hankali, ya juya mana kunnensa. Ga wani ɗan abu kamar ƙwayar wake a maƙale. Ya ce 'yarsa da ke aikin jinya a Kano ce ta tsare shi a hutun nan, ta ce ba zai koma Daura ba sai an duba shi.

Ban san lokacin da na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, kunnen ya dawo" ba. Na toshe bakina da hannu, don na tuna a gaban mutane nake. Amma a daidai lokacin Hajiya tana cewa, "Ashe dai ka yarda an sa maka," Dokta kuma yana cewa, "Na daɗe ina gaya maka." Muka yi cirko-cirko.

Hajiya ta juyo gare ni. "Ke kin sani?"

Na ce, "Ni ya gaya wa. Amana ce tsakanina da shi."

"A'a, tsakanina da shi dai. A ofis ɗin nan ya gaya min, ranar da ya amsa wa baƙi abin da ba su tambaya ba."

Malamin taswira ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. "Ni a mota ya gaya min, a hanyar Sandamu. Mai babbar mota yana ta danna mana oda a baya Baba bai kauce ba, sai da na kama sitiyari."

Dokta ya ce shi tun kafin ya tafi karatu.

Ban taɓa yin dariya irin ta ranar ba. Hajiya ta kife kai a tebur kafaɗunta suna rawa. Malamin taswira ya fita baranda ya dawo ya sake fita. Ni da Hajiya muka haɗa ido, ta ce "Wato," muka sake zubewa. Masinjan tsangaya ya leƙo ya ga abin da bai saba gani a sashenmu ba, ya ja ƙofa ya koma.

Da muka ɗan lafa Dokta ya ce, "Baba, ka yaudare mu."

"Ban yaudari kowa ba," in ji Farfesa. "Ban taɓa ce wa wani shi kaɗai ba. Cewa na yi amana ce tsakanina da kai, kuma haka ne." Ya bari dariyar ta wuce, sannan ya ci gaba da murya ƙasa. "Kunya ce ta sa. Kowannenku sai da ya ritsa ni sannan na faɗa masa. Duk ranar da na faɗa wa ɗaya, sai in koma gida ina jiran in ji maganar ta zagayo ta bakin wani. Ba ta taɓa zagayowa ba. Kun daɗe kuna kulle ƙofa saboda mai kai rahoto. To ni na ba kowannenku abin da zai kai, mai nauyi kuwa, ba wanda ya kai ko ƙofar maƙwabcinsa."

Hajiya ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "To in ba mu ba ne, wa yake kai wa tsohon shugaba labari?"

Dokta ya sosa ƙeya. Ya ce tun da ya shiga ofishin shugaba ya gano cewa bangon da ya raba shi da sauran ofisoshi katako ne aka shafa wa fenti, tagar kuma tana kallon inda ake ajiye motoci. Ba wanda yake kai wa mutumin komai, zama kawai yake yana ji.

"Hajiya, har motsin cokali a kofinki ina ji."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Da na faɗa a lokacin, cewa za ku yi ni ne nake wanke kaina."

Ni kuma na tambayi Dokta batun ƙuri'ar hula. Ya amsa cewa takardar Farfesa ce ya tura min da babban yatsa ta ƙarƙashin hular, don ya sha wucewa ta tagar ajina yana ganin bayana, ya kuma san dattijon yana buƙatar mai zama a gaba. Na ce ban yafe ba. Ya ce zai sayi fura. Ranar a ofishin Hajiya muka sha ta gaba ɗayanmu, Farfesa yana ƙorafin cewa ashe haka malamin taswira yake zuƙa da ƙara.

Daga nan abubuwa suka sassauta, ba a rana ɗaya ba. Ni da malamin taswira muka zauna muka shimfiɗa abin da kowa ke koyarwa, muka ga inda muke taka juna da inda muka bar rami. Ya faɗa min shi lissafin da ke cikin kwas ɗinsa tsoro yake ba shi, kullum tsallake shi yake, sai Hajiya ta karɓi wannan ɓangaren, shi kuma ya riƙa zana mata taswirorin da take fama da su. Na ba Hajiya rubutun bincikena na farko ta duba, ta dawo min da shi ja wur da biro, na yi fushin yini guda, sannan na gyara. Ita da Dokta dai ba su daina faɗa a kan jadawali ba, sai dai yanzu a baranda suke yi, kowa yana ji.

Farfesa da kansa ya gaya wa ɗalibansa. Ya cire abin kunnen ya ɗaga sama ya nuna musu, ya ce duk wanda ya taɓa tambayarsa wani abu ya samu wani, ya dawo ya karɓi nasa. Aka yi layi. Damuwarsa ɗaya ita ce duniya ta yi masa surutu. In mitin ya yi tsawo sai ya sa yatsa a bayan kunne a gaban kowa ya kashe, ya ce, "In kun gama ku taɓa ni."

Farkon daminar shekarar muka fitar da ɗalibai aikin fili wajen Baure, malaman sashen gaba ɗaya a mota ɗaya, abin da Hajiya ta ce ba ta taɓa gani ba. Wani manomi ya ba mu gefen gonarsa, muka haƙa rami don in nuna musu yadda ƙasa ke sauya launi daga sama zuwa ƙasa. Ina cikin ramin har gwiwa ina bayani, Hajiya tana tsare min jaka, malamin taswira yana can yana gwada wa wasu awo, sai Farfesa ya ɗaga hannu.

"Ku yi shiru."

Muka yi shiru. Sama ta yi baƙi ta gabas, amma ko ɗigo bai faɗo ba. Ya karkata kai yana murmushi.

"Ga shi nan tafe. Kuna jin sa a kan ganye?"

Muka saurara. Can nesa akwai wani shuu mai laushi, kamar ana zuba gero a buhu, yana matsowa ta kan itatuwa. Ya ce rabon da ya ji wannan sautin har ya manta, ya saba sai dai ya ga ruwa a hannun rigarsa. Manomin ya ce mu gudu. Ɗalibai suka kwasa a guje zuwa mota suna ihu, littattafai a kan kai. Farfesa bai motsa ba. Dokta ya dube shi ya dube mu, ya cire agogo ya sa a aljihu ya tsaya. Hajiya ta ce ita da girmanta ba za ta jiƙe a gonar mutane ba, ta yi taku kaɗan, ta dawo ta miƙo min hannu ta ciro ni daga rami. Ruwan ya iso ya same mu a tsaye muna dariya, ɗalibai sun cika tagogin mota suna kallon malamansu. Dokta ya tuna da abin kunnen, ya cire hularsa ya kifa a kan ta Farfesa don kar ya jiƙe, dattijon ya tsaya da hula biyu yana saurare.

Washegari na tashi da mura, murya ta dishe, ga lacca da safe. Na kira Hajiya a waya, ban gama gaisuwa ba ta ce in kwanta, in turo mata inda na tsaya. Da la'asar sai ga ta a gidanmu da citta da kanumfari a leda. Ta zauna bakin gado ta ɗauki yarona ta ɗora a cinya, ta ce laccar ta tafi lafiya, sai dai wani ɗalibi ya tambaye ta dalilin da ya sa laka ke tsagewa in ta bushe amma jigawa ba ta yi.

Na ce da 'yar muryar da ta rage min, "Me kika ce masa?"

"Na ce ban sani ba, ya jira malamarsa. To yanzu gaya min, don ni ma abin ya tsaya min a rai tun safe."

Na jawo filo na jingina, na fara yi mata bayani da raɗa, tana matso da kunne, yaron yana jan ɗankwalinta.